Tsamiyar Gindin Kufena

Tsamiyar ba ta nan. Sau biyu na zagaya wurin, na ja da baya na daidaita tsayuwata da tsagar dutsen da nake gane ta da ita tun ina yaro, na sake dubawa. Inda inuwarta take sauka a da, yanzu katangar bulo ce da ba a gama ba, an rubuta mata da jan fenti cewa filin ba na sayarwa ba ne. A gefe ga tulin tsakuwa, wasu samari biyu na zaune a kai da guduma suna fasa dutse, ƙarar tana dukan Kufena tana dawowa. Na yi musu sannu da aiki, na tambaye su ko sun san wata babbar tsamiya da take nan. Babban cikinsu ya share zufa ya ce, "Baba, mu dai tun da muka zo haka muka tarar da wurin." Ban ga laifinsa ba. Da ƙyar in ya haura shekara 20 a duniya, ni kuwa rabona da gindin Kufena ya fi shekara 30, alhali gidanmu na cikin birnin Zariya, kuma kullum da yamma ina ganin rana tana faɗuwa ta wajen dutsen.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo tafiyar. Ya yi shekara uku yana karatu a Japan, ya dawo ana dab da yankan dawa. Daren da ya zo gaishe ni muna zaune a zaure, ya zaro waya yana nuna mini hotuna, har muka zo kan wanda ya sa na ce masa ya dakata. Wata jar ƙofa ce ta katako, ba bango ba ƙyaure, tsaye ita kaɗai cikin ruwan teku. Ya ce sunan wurin Itsukushima, a wani tsibiri da ake kira Miyajima kusa da Hiroshima, kuma wurin bauta ne na Shinto, addinin gargajiyar mutanen ƙasar. Tsawon ƙofar ya kai mita 16, wadda take tsaye yanzu tun 1875 aka kafa ta. Ginin da ke bayanta a kan turaku yake cikin ruwa, kuma tun wajen 1168 yake da wannan siffa. In ruwan teku ya cika sai ka rantse komai iyo yake yi, in ya janye sai mutane su taka yashi har gindin ƙofar.

Yaron yana riƙe da sallarsa, kallo ne ya kai shi. Abin da ya tsaya masa a rai, in ji shi, shi ne yadda barewa take yawo cikin mutane ba mai jifanta, da yadda kurmin da ke kan dutsen bayan ginin yake nan ba a sare shi ba, don tun zamanin da mutanen wurin sun ɗauki tsibirin ɗungurungum wuri mai tsarki, har ba sa binne gawa a cikinsa. Da ka fito kuma sai ƙamshin gashi ya tare ka. Akwai wata halittar teku mai ɓawo biyu, irin ƙumbar da muke tsinta a bakin rafi amma ta fi ta girma da nama, ana gasa ta cikin ɓawonta a kan garwashi. Akwai wani dogon kifi mai zubin maciji da ake gasawa a shimfiɗa kan shinkafa. Ya ce, "Kawu, a can ba a raba ziyarar wuri da cin abincin wurin. Mu a nan ina namu?" Ban tsaya dogon tunani ba na ce masa Kufena. Washegari da hantsi muka fita ta Ƙofar Kuyambana.

Ta wannan ƙofar nake fita da Iya, mahaifiyar babana, wajen 1972. Ƙanwarta tana aure a wani ƙauye a gindin dutsen, kuma kowace shekara in kaka ta yi sai ta je ta kwana biyu. Ni ne ɗan rakiya, ni ke ɗaukar ƙunshin goro da sabulun salo. Da ƙafa muke zuwa. Ganuwa a lokacin tana da sauran tsayi a wurare da yawa, in ka fita ka waiwaya sai ka san ka bar gari. Daga nan sai gonakin dawa, zangarniya ta sunkuyo, raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando, sanyin farkon hunturu yana tsatstsage leɓe. Babban titin Kaduna zuwa Kano mai hannu biyu bai zo ba tukuna, ba abin da kake ji sai kukan kurciya da muryar Iya tana gaisawa da mutanen gona.

Muna isa tsamiyar muryar take sauka. Takan tsaya, ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Salamu alaikum masu wuri, mu masu wucewa ne." Sannan ta juyo ta maimaita mini dokokin da na riga na haddace: ba a fito a nan, ba a nuna kogo da yatsa, ba a fitsari a gindin itace, ba a karya reshe, 'ya'yan tsamiya kuma sai wanda ya faɗo don kansa. In na tambayi dalili sai ta ce, "Dutse da masu shi." A tsakanin saiwoyin, waɗanda suka fito waje kamar jijiyoyin hannun tsoho, wani lokaci akan ga 'yar ƙwarya da ragowar nono ya bushe a ciki, ko farin zare ɗaure a reshe. Aikin masu bori ne. Iya ba ta taɓa ajiye komai a wurin ba, ba ta kuma taɓa taɓa abin da aka ajiye ba. Kai take kawarwa ta wuce, tana jan carbinta. Har yau ina iya jin sanyin inuwar nan a wuyana, da warin ganyen tsamiya da ya ruɓe, da bugun ƙirjina har sai mun fita rana.

Kakana malami ne, a zaurensa na fara riƙe allo, kuma ba ya son jin wannan sallama. Yakan ce dutse dutse ne, itace itace ne, ba mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. Iya takan amsa cewa ita ba roƙon kowa take yi ba, sallama ce kawai, kuma aljanu ai gaskiya ne. Sun yi shekara fiye da 40 tare ba wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa. Da na girma na gane muhawarar ta girme su duka. Girmama duwatsu da itatuwa da yi musu yanka na cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a kansu ƙwarai. Da jihadi ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya fice ya yi kudu wajen Zuba, Malam Musa ya hau gadon sarauta, daga baya ɗan'uwan Makau, Abu Ja, ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Mulki ya canja, tsafin fada ya tashi, amma tsoron Kufena da na Madarkaci, dutsen nan na cikin ganuwa, ya zauna a ƙirjin tsofaffin mata har zuwa zamanin da na buɗe ido.

Tsoron bai hana mu hawa ba. 'Ya'yan gidan ƙanwar Iya su ne jagora, sun san inda dutsen yake da santsi da inda ƙafa take kamawa. A hanya sukan nuna mini wasu ramuka masu sulɓi a kan fa, kamar an danna ƙasan ƙwarya a cikin tuwo, su ce nan mutanen da suke niƙa. Tsingaro kuwa ko'ina ne, wani da zane a jikinsa. Mu a lokacin abin jifa ne a wurinmu, in babu babba a kusa. Sai da na shiga makaranta na ji cewa labarin baka yana cewa daga Turunku, garin Bakwa mahaifin ko mahaifiyar Sarauniya Amina, sarautar Zazzau ta taso ta zauna a Kufena kafin ta koma inda birnin yake a yau, kuma masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi sawun tsofaffin ganuwoyin da suka kewaye dutsen sun yi rubutu a kansu. Ashe a kan kufan kakanninmu muke tsalle-tsalle. Daga can sama birnin yakan bayyana kamar kurmi. Rimaye ne suka fi komai tsayi, gidajen ƙasa sun saje da ƙasar da aka gina su da ita, ungulaye suna shawagi ta saman kasuwa. A kusa kuma ga Wusasa da cocinta na ƙasa, inda 'yan mishan suka koma a 1929 bayan sun baro cikin birni.

Muna saukowa yunwa ta gama cin mu, kuma a nan ne abin da na fi tunawa yake. Fate. Kanawa abokan wasanmu sun daɗe suna yi mana tsiya da shi, mu kuma ba mu taɓa jin kunyarsa ba. Ƙanwar Iya tun da asuba take surfa masara sabuwar girbi, ta wanke, ta shanya ta sha iska, sannan ta durƙusa a dutsen niƙa ta barza ta ta zama tsaki. Tukunyar ƙasa ce a kan murhu, ruwa yana tafasa da daddawa da barkono da dakakkiyar gyaɗa. Sai ta riƙa barbaɗa tsakin da hannun hagu tana juyawa da dama don kada ya yi gudaji. In ya fara kauri ta kawo yakuwa da ta tsinko a bayan gida, da gauta an yanka ta huɗu-huɗu, da ɗan lawashi, da ƙyas na kanwa don ta karya tsamin yakuwar. A ƙarshe ta tura hannu cikin wata tukunya da ke rataye a ragaya, ta ciro bandar tarwaɗa, baƙa wuluk da hayaƙi, naɗe kamar gammo, ta ɓare ta zare ƙaya ta marmasa a kai. Cikin ƙwarya ɗaya ake zuba mana, kowa da ludayinsa na duma. Tsami ne yake fara tarar harshe, sai ɗacin gauta, sai gardin gyaɗa, hayaƙin kifin kuma ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Muna sha muna zufa muna hura ludayi, mai saurin hannu shi ke samun kan tarwaɗar.

Duk abin da ke cikin tukunyar nan, in ka ɗebe gishiri da kanwa, ba wanda ya yi tafiyar da ta wuce yini. Kifin ma na gida ne. Masuntan kogin Galma suna kawo tarwaɗa da karfasa da kurungu, ɗanye da banda, kuma suna da nasu dokokin na ruwa: akwai gurbin da ba a jefa koma a ciki sai lokacinsa ya yi, akwai wanda ake cewa na Sarkin Rafi ne ba a shigarsa. Mu yara Kubanni ce tamu, wadda take gangarowa ta Samaru ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ta faɗa Galma. Fatsa muke haɗawa da kara da zare da ƙugiya, mu haƙo tana a bakin ruwa. In an dace da 'yan karfasa biyar sai a hura karmami a gasa, a barbaɗa garin ƙuli da aka sato daga gida. Da rani kuma in fadama ta bushe, manyanmu sukan tono gaiwa daga cikin busasshen laka tana nan da ranta, mu tsaya baki buɗe.

Wannan Kufena ce na yi wa yaron alkawari. Wadda muka hau ranar, ledar ruwa ce ta fara yi mana maraba, maƙale a kowace tsaga. An rubuta sunaye da fenti a fuskar dutsen. Gidaje sun matso har sun kusa jingina da shi. Daga sama na nemi kurmin da na sani, sai na ga kwano yana ƙyalli tun daga ƙafarmu har inda ido ya tsaya, dogayen ƙarafan sadarwa sun fi rimayen da suka rage yawa. Ganuwa sai ka san inda take sannan ka gane ta. Rimin Tsiwa da Rimin Doko yau yara sun fi saninsu a matsayin sunan unguwa. Ungulu ko ɗaya ban gani ba. Ramukan niƙan suna nan, na durƙusa na sa tafin hannuna a ɗaya, sulɓinsa bai canja ba.

Na zauna a kan fa ina jin haushi, amma ban yarda haushin ya rufe mini ido ba, don na san kuɗin da aka biya wa tsoron nan. A gidan da muke shan fate akwai wata yarinya sa'ata mai farfaɗiya. Cewa aka yi masu dutse ne suka shafe ta, don wai ta je ɗiban itace da tsakar rana. An kai ta wurin masu bori, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Ba a sa ta makaranta ba, yara ba sa cin abinci ƙwarya ɗaya da ita. Wata rana ciwon ya tashi tana kusa da murhu. Ta rayu, amma hannunta na dama bai sake buɗewa ba. Yau irin wannan yarinya asibitin koyarwa na Shika za a kai ta, a rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha, ta yi karatunta ta yi aurenta. Duk wanda zai ce mini zamanin da ya fi, sai ya fara kallon hannun nan tukuna.

Ruwan ma da nake yabo, shi ne ya sa yawancinmu fitsarin jini. Tsargiya ta zama ruwan dare har wasu suna ɗaukarta alamar balaga ga ɗa namiji. Kurkunu yana kwantar da magidanta a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba ƙasar da shi, kuma cikin waɗanda suka bi ƙauyuka a kan wannan yaƙi har da Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, a inuwar wannan dutse. Ƙanwar Iya kuwa, wadda nake yabon fatenta, kafin ta rasu bayanta ya tanƙware saboda dutsen niƙa, idanunta kullum suna ruwa saboda hayaƙi. Ni mai ludayi ne, ita ce mai durƙuso. A batun aƙida kuma ina tare da kakana ba tare da wata tantama ba. Ban so jikokina su yi wa itace sallama ba, ban so a sake ajiye ƙwaryar nono a gindin komai ba.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba sai ranar. Tsoron nan, duk da ɓatansa, shi ne mai gadin wurin. Shi ya hana gatari taɓa tsamiyar shekara da shekaru. Shi ya bar wa kifi gurbin da zai hayayyafa. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Mun kori tsoron, kuma daidai muka yi, amma da gari ya faɗaɗa ya haɗiye dajin, kunyar ba ta biyo shi ba. Wurin da a da ba a fitsari a cikinsa saboda aljani, yau ana juye masa shara don ba na kowa ba ne. Kubanni da rafin Kamaca sun zama inda kwatamin gari yake ƙarewa, ba uban da zai bar ɗansa ya ci abin da ya kamo a wasu sassansu. Abin da ya fi damuna shi ne addinin da ya raba mu da tsoron dutse bai bar mu hannu wofi ba. Malamanmu suna karantar da mu cewa amana aka ba mu a bayan ƙasa, cewa dasa itace sadaka ce, cewa an hana ɓata ruwa da inuwar da mutane ke hutawa, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙauna ga dutsen Uhudu. Ke nan ana iya son dutse ba tare da an bauta masa ba. Rabin karatun muka ɗauka, rabin da ya ce a bari, muka bar rabin da ya ce a kula.

Na faɗa wa yaron haka, sai ya ce kada in ɗauka a Japan ma tsarkin wuri ne kaɗai yake aiki. Ya tuna mini da Minamata, garin masunta inda wata masana'anta ta riƙa zuba guba a teku, mutane suka ci kifin, aka gano cutar a 1956 bayan ta riga ta nakasa wasu ta kashe wasu. Wuraren bauta suna nan a ƙasar lokacin da aka yi wannan ɓarna. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne ƙarar da mutane suka kai kotu da dokokin da aka kafa aka kuma bi. Wurin bautar Miyajima kansa yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1996, akwai masu kula da shi da albashinsu, kuma tun 2023 duk baƙon da ya shiga tsibirin yana biyan ɗan harajin yen 100. Da yawa cikin masu zuwa, in ji shi, ba wata bauta a ransu, sun dai tashi sun ga ana girmama wurin ne, kuma mai sayar da gasasshen kifi ya san in wurin ya lalace kasuwarsa ta mutu.

Ya kuma ba ni labarin Ise, babban wurin bautarsu, inda duk shekara 20 ake sake gina ɗakunan katako sababbi fil a filin da ke gefe, da irin kayan da da irin aikin da, sannan a kwance tsofaffin. Na baya-bayan nan a 2013 aka yi, karo na 62, na gaba kuma 2033. Hikimar da na gani a ciki ita ce kafinta yakan yi aikin yana yaro mai miƙa kaya, ya sake yi yana gwani, in da rai ya sake yi yana mai koyarwa, don haka sana'ar ba ta mutuwa. Nan take zuciyata ta tafi Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Duk wanda ya taɓa sallah a ƙarƙashin bakan gizon nan na azara da ƙasa, cikin sanyin da ba fanka ba na'ura, ya san ba ƙaramin abu muka gada ba. Har kwaikwayonsa aka gina a gidan tarihi na Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Ginin ƙasa rayuwarsa a hannun magina take, da yaɓen shekara-shekara da idon da ya san tsagar da za a bari da wadda ba a kwana da ita. Mu ma muna da namu sabuntawar, duk kaka ake yi wa soraye da katangu yaɓe. Da siminti ya zo muka huta da wannan wahala, hutu ne na gaske, amma yaran da za su koyi ɗaurin bakan gizo sun tafi buga bulo.

Da muka sauko azahar ta wuce. A bakin titi wajen Ɗan Magaji muka tsaya wurin wata mai suyar kifi. Kifin ƙanƙara ne, wanda ake kira titus, ta tsoma shi a mai ta barbaɗa yaji ta naɗe mana a takarda. Na riƙe shi ina kallo. Zariya ba ta da teku, ɗaruruwan kilomita ne tsakaninmu da Legas, amma ga shi kifin teku muke ci a gindin Kufena, irin wanda ake kamowa a ruwan sanyi na wajen Norway da Holan, a daskarar da shi, jirgin ruwa ya kawo shi, motar sanyi ta hauro da shi arewa. Yana da daɗi, kuma ba zan raina shi ba. Shi ya sa gidaje da yawa suke ganin kifi a miya rani da damina, abin da a da sai mai hali ko mai masunci a gida. Amma in dala ta tashi shi ma sai ya tashi, kuma ba wanda zai taso daga wata ƙasa don ya ci shi a nan. Yaron ya tambayi matar ko tana da karfasar Galma. Ta ce, "Ɗan nan, wannan sai ka yi sammako, kuma ba kullum ba."

Da daddare ƙanwata ta yi mana fate, don ɗanta ya ce shekara uku yana mafarkinsa. Tsakin daga inji yake, a kan gas ta dafa, ta haɗa daddawa da Maggi, tarwaɗar kuma ta kiwo ce daga kududdufin siminti. Cikin awa ɗaya ta gama ba tare da ta durƙusa ko ta yi hawayen hayaƙi ba. Yakuwar dai ita ce, gautar ita ce. Ya sha kwano biyu. Na lura yana hura cokali kamar yadda muke hura ludayi, sai na ji wani sanyi a raina, don na ga abin bai tafi duka ba.

Tsamiyar ta riga ta tafi, ba kuma wanda zan kama da laifin sare ta, don ni ma da na san darajarta shekara 30 ban leƙa ta ba. Dutsen ne yake nan, da ramukan niƙansa da tsingaronsa da abin da ya rage na tsohuwar ganuwarsa. Ina roƙon Masarautar Zazzau da Jami'ar Ahmadu Bello da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa su haɗa kai a shata wa Kufena iyaka tun bulo bai hau shi ba, a sa masu gadi daga cikin mutanen wurin, a samar wa samarin nan masu guduma abin yi a matsayin 'yan jagora, a ba matan unguwar rumfa su sayar wa baƙi fate da bandar kifi. Ina roƙon limamanmu su ware ko huɗuba ɗaya a shekara a kan haƙƙin rafi da itace da dutse. Kai kuma mai karatu, in kana Zariya kuma ɗanka bai taɓa hawa Kufena ba, ka kai shi wannan kakar, ku tafi da buhun da za ku kwaso leda in za ku sauko. Daga Ƙofar Kuyambana zuwa gindin dutsen bai kai tafiyar rabin awa a Keke Napep ba.